Ɗanki Ya Daɗe Yana Yi Miki Magana

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 21, ina goyon ɗana na fari, saura 'yan kwanaki ya cika wata 9. Sunan surukina aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba. Damuwata ita ce har yanzu bai ce “Mama” ba, alhali 'yar maƙwabciyata da ta girme shi da wata ɗaya tak tana tafi, tana kiran “Dada”. Shi sai dai da asuba ya yi ta “ba-ba-ba” shi kaɗai, in na ba shi cokali ya yar ya bi ni da kallo, in na shigo ɗaki ya miƙo hannu. Gida ɗaya muke da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Rannan ta ji ina yi masa hira, ta ce ba ni da kunya, ɗan fari ne, kuma me jariri ya sani? In ya yi kuka ta ce in ƙyale shi kada ya yi sabon hannu. Tun daga ranar na kame bakina. In ina aiki sai in kunna masa katun na Turanci a waya, ko zai tsinci magana a ciki. Babansa yana sonsa, amma ba ya ɗaukarsa, ya ce sai ya yi wayo. Ni da shi ma in muka saɓa mukan yi kwana uku ba mai ce wa wani uffan. Gwaggo, ɗana lafiyarsa ƙalau kuwa? Kuma yaushe ya kamata in fara koya masa magana?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya Abba, ya sa mai jin ƙanku ne, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa.

Bari in fara kwantar miki da hankali. Yaron da bai cika wata 9 ba, ba a sa ran ya ce “Mama” yana nufin uwarsa. Yawancin yara sai sun doshi shekara, wasu ma sun ɗan gota, kafin kalmar farko mai ma'ana ta fito daga bakinsu. 'Yar maƙwabciyarki da kike ji tana “Dada”, ki lura da kyau, mai yiwuwa har buta da kaza Dada take ce musu. Gwaranci ne irin na ɗanki, ita nata ya faɗa kan “da”, shi nasa ya faɗa kan “ba”. Kuma tazarar wata ɗaya a wurin masu rarrafe ba ƙaramar tazara ba ce.

Tambayarki ta biyu ce ta tsaya mini a rai. Kin ce yaushe za ki fara koya masa magana. 'Yata, ai shi ya riga ya fara, amsa kawai yake jira. Koma ki karanta wasiƙarki, da hannunki kika lissafo mini maganganunsa guda uku. In kin shigo ya miƙo hannu, “ɗauke ni” ke nan. In ya yar da cokali ya bi ki da kallo, da cokalin ne damuwarsa da ƙasa zai duba. Ke yake kallo, yana so ya ga me fuskarki za ta ce, kuma ko za ki ɗauko masa ya sake. Wannan “ba-ba-ba” ɗin na asuba kuwa, wasa baki yake yi, yana gwada leɓe da harshe da numfashi, kamar yadda makaɗi ke ɗaure ganga yana ɗan taɓa ta kafin a fara biki.

Wannan hira tun kafin ki ga fuskarsa aka soma ta. Ɗan da ke ciki yakan fara ji tun wajen wata na bakwai, kuma muryar da ta fi isa gare shi ita ce ta uwarsa, tunda ta cikin jikinta take bi. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, sun gwada jariran da ba su wuce kwana uku a duniya ba. Suka sa musu robar tsotso da aka haɗa da na'ura, ta yadda irin tsotson da jariri ya yi shi zai kunna masa ko dai muryar uwarsa ko ta wata mace daban. Sai jariran suka riƙa sauya salon tsotsonsu don su jawo muryar uwa. Ko cibiya ba ta faɗi ba, ko suna ba a raɗa ba, amma sun san wadda suke son ji. Idon jariri kuma a kwanakin farko ya fi gani sosai a tazarar santimita 20 zuwa 30, daidai abin da ke tsakanin fuskarki da tasa in kin rungume shi kina ba shi nono. Wajen arba'in, ko jim kaɗan bayanta, sai ya fara yi miki murmushin da yake naki ne, ba irin na cikin barci ba. Ki tuna ranar. Na tabbata kin mayar masa da murmushin tun kafin ki yi tunanin kunya.

Mu manya mun ɗauka kuka ne kaɗai bakin jariri, shi ya sa muke cewa bai san komai ba. Alhali kuka shi ne maganarsa ta ƙarshe, bayan ya faɗa a hankali ba a ji ba. Jaririn da ke jin yunwa yakan fara da lasar leɓe, ya juya kai yana lalube, ya cusa hannu a baki, ya yi ɗan ƙorafi. Wanda wasa ya ishe shi yakan kau da kai, ya yi hamma, ya murza ido, ya gantsare. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ba inda wannan magana ta fi zama daidai kamar a kan mai wata tara.

Akwai wani gwaji da nake so ki hango da idon zuci. Wani masani a Amurka, Edward Tronick, shi ya fito da shi a shekarun 1970, kuma an maimaita shi a wurare da yawa tun daga nan. Ana zaunar da jariri a gaban uwarsa suna wasa, yana gwaranci tana amsawa. Sai a ce ta ɗaure fuska na kamar minti biyu, tana kallonsa amma ba murmushi, ba magana, ba motsin gira. Nan da nan yaron ke gane wani abu ya sauya. Ya yi mata murmushi, shiru. Ya ɗaga hannu, ya yi ƙara, ya gwada duk dabarun da ya san suna jawo ta, shiru. Daga nan sai ya kau da kai, jikinsa ya saki ko ya fara miƙa, ya ɓarke da kuka. Ba a doke shi ba, ba a hana shi nono ba, uwarsa na nan a gabansa. Amsa kawai aka janye.

Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Na kawo shi ne domin ni ma na taɓa janye wannan amsa, kuma har yau ban manta ba. Ina yarinya ƙasa da shekarunki na haifi ɗana na fari, a babban gida, cikin surukai da facaloli. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na yi masa wasa a tsakar gida, sai dare ya yi in raɗa masa magana a kunne. Wata rana da yamma yana da kamar wata goma, ina tsince shinkafa yana zaune kusa da ƙafata, sai ya hango ƙadangare a jikin katanga. Ya ɗaga ɗan yatsansa ya nuna, ya juyo ya dube ni ya ce “a!” Karon farko ke nan da na ga ya yi nuni. Surukaina na zaune a kan tabarma, sai na sunkuyar da kai a kan faifai kamar ban gani ba. Ya sake cewa “a!” yatsan na sama. Ina kallonsa ta gefen ido har ya sauke hannun a hankali. Kakarsa ce ta cece mu. Ta ce, “Ƙadangare ne, maigida! Ka gan shi? Jan kai gare shi, ga shi can yana gaishe ka.” Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya rarrafa wurinta.

A cikin wannan labari akwai amsar maganar Hajiya. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai tushe, kuma waɗanda suka yi ta ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Amma ta yi aiki ne a gidan da ke cike da mutane. In uwa ta kau da kai, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kishiyar uwa, akwai 'yan mata masu rige-rigen goyo. Yaro ba ya rasa mai yi masa tawai, mai yi masa cakulkuli, mai ce masa “oyoyo”. Uwa ta yi kara, gida ya cike gurbin. Gidanku kuwa, yadda kika kwatanta, ke ce da Hajiya, maigida na fita tun safe. In kin yi shiru, Hajiya ta yi shiru, babansa na jiran ya yi wayo, wa ya rage wa Abba? Waya.

Don haka ba zan ce ki yi jayayya da Hajiya ba, kuma kada ki je mata da “masana sun ce”. Uwar mijinki ce, ta raini wanda kike aure, ta san abubuwa da yawa game da goyo da ke ba ki sani ba tukuna. Jawo ta za ki yi. Al'adar da ta ce uwa ta yi kunya, ita ce kuma ta ba kaka lasisin wasa da jika ba iyaka. In Abba ya fara ƙorafi kina tsakiyar tuƙin tuwo, ki ce, “Hajiya, ga mijinki nan yana nemanki.” Ki tambaye ta wace waƙa take yi wa babansa yana jariri, ki ce ta koya miki. Da wuya ki ga tsohuwar da za a roƙa wannan ta ƙi. A gabanta ki ci gaba da sakaya sunansa, ki rage zumuɗi, wannan ladabi ne kuma ba ya cutar da kowa. Amma a ɗakinki, da wajen wanka, da lokacin da yake bayanki a goye, bakinki naki ne. Ki sake shi.

Maganar sabon hannu kuma, yaron wannan lokaci bai iya makirci ba. In ya yi kuka, wani abu yake buƙata, ko da kuwa buƙatar ita ce ya ji kina kusa. Yanzu ne ma zai fara ƙiwa, ya ƙi baƙi, ya yi kuka in kin fita, domin ya kai matakin gane cewa in kin ɓace daga idonsa kina nan a wani wuri, kuma yana son ki dawo. Ba dole ne kullum ki ajiye aiki ki ɗauke shi ba. Hannunki na cikin wanke-wanke ma kina iya cewa, “Na ji ka, ina zuwa, bari in ɗauraye wannan.” Muryarki kaɗai tana gaya masa an ji. Ki tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda ya san halin da uwar yaron za ta shiga. Jam'i guda aka gajarta wa salla saboda kukan jariri ɗaya. Wannan hadisi Hajiya ta san shi, in ma an tashi tuna mata, ɗanta ne ya dace ya yi, cikin hira, ba ke ba.

To me za ki ce masa? Abin da ke gabanku. Kina wanka, “ga ruwa, da ɗumi ko? Kawo ƙafa. Ina ɗayar?” Kina dama kunu, ki gaya masa kunu kike damawa. Ki bi idonsa: in tsuntsu yake kallo, maganar tsuntsu za ki yi, kada ki janye shi zuwa abin da ke kike so ya gani, domin kalma ta fi kama yaro in ta sauka a kan abin da hankalinsa ke kai. “Ungo” da “kawo” wasa ne babba a wannan lokaci, ki miƙa masa murfin kwano ya miƙo miki, sau goma in yana so. Ki rufe fuska da gyale ki buɗe. Ki yi masa waƙa ko da kina ganin ba ki da murya. Sirrin duka shi ne jira. In kin yi magana ki tsaya, ki dube shi, ki ƙirga biyar a zuci. Zai amsa, da sauti ko da ƙafa ko da ido. In ya ce “ba”, ki ce “ba? Baba? Baba ya tafi kasuwa.” Kin ba shi, ya ba ki. Masana tarbiyyar yara a Jami'ar Harvard suna kwatanta wannan da buga ƙwallo tsakanin mutum biyu, kuma suna cewa a kan wannan musayar ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa. Iyayenmu ba su san sunan ba, amma duk tsohuwar da ta iya tawai haka take yi.

Wayar nan kuwa, ina roƙonki ki ajiye ta. Na san dalilinki, hannu biyu gare ki kuma aiki ba ya jira. Amma maganar da kike fata ya tsinta ba ta nan za ta zo ba. A 2003 wata masaniya a birnin Siyatil na Amurka, Patricia Kuhl, ta ɗauki jarirai 'yan wata 9, sa'o'in Abba, waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Wasu aka kawo musu mutanen da ke yi musu wasa da karatu da harshen Sinanci, ido da ido, har zama 12. Wasu kuma aka nuna musu irin wannan darasi a talabijin, wasu aka kunna musu sautin kawai. Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinanci kamar yaran da ke tashi da harshen. Na talabijin da na sauti ba su ƙaru da komai ba, tamkar ba su taɓa ji ba. Allon waya ba ya ganin inda yaro ke kallo, ba ya jiran amsarsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara ɗaya ba a gaban allo sam. In aiki ya sha kanki, ki goya shi ki riƙa magana ta kafaɗa, ko ki shimfiɗa masa tabarma inda zai gan ki, ki ba shi ludayi da roba ya yi ta kaɗawa.

Kuma da Hausa za ki yi masa. Akwai dalili. Tun a 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 sai kunnensa ya tattara a kan sautukan harshen da ake yi masa. Wato a waɗannan watanni da muke ciki ne kunnen Abba ke tantance bambancin “baki” da “baƙi”, “kafa” da “ƙafa”, “bata” da “ɓata”, abin da baƙo kan shekara yana fama bai kama ba. Ki ba shi harshen da kika fi iya lallashi da zolaya da waƙa a cikinsa. Turanci yana nan zuwa, kuma yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa ba ya rasa gindin ɗora wani.

Babansa ya ce sai ya yi wayo. Ki gaya masa, cikin sanyin murya, wayon ba daga sama zai faɗo ba, a hannun masu ɗaukarsa yake yin sa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. In kuma maigidan mai son lissafi ne, ga lissafi. A birnin Kingiston na Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an ɗauki yara ƙanana na gidajen talakawa waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa wannan ziyara ba da kusan kashi 25 cikin 100. Wasa ne da hira, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Kada ki nemi abu mai yawa a wurinsa da farko. In ya dawo ya ci abinci, ki ɗora masa yaron a cinya ki ce za ki ɗebo ruwa, ki ɗan jima. Yaro ya san yadda zai yi da gemu da hula, shi zai ƙarasa aikin.

Game da lafiyarsa, abin da kika faɗa alamu ne masu kyau, musamman wannan gwaranci mai maimaita gaɓa, domin yaron da ba ya ji sosai yakan makara wajen yin sa. Amma ni daga wasiƙa nake gani, ba zan maye gurbin likita ba. Ga shi lokacin allurar wata 9 ya zo, wadda ake yi ta ƙyanda. In kin je, kada ki tsaya a awo da allura, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya abin da yake yi da wanda ba ya yi. Ki lura ko yana waiwayowa in an kira shi daga baya, ko ƙara na firgita shi. In ya cika shekara ba ya nuni, ba ya ɗaga hannu, ba ya kula in an kira sunansa. Ko kuma in ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya. Ko in ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu. Ko kuma a kowane lokaci ya daina abin da ya riga ya iya, to a je asibiti, kada a tsaya ana cewa babansa ma bai yi magana da wuri ba. Haka in ya taɓa yin ciwon shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko kunnensa na zubar da ruwa, a nemi a auna jinsa, kuma kada a ɗiga masa mai ko wani haɗi a kunne. Kuna kusa da asibitin koyarwa na Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Matsalar ji in an gano ta da wuri, akwai abubuwa da yawa da ake iya yi.

Ke ma ki duba kanki. In kin ga kin yi makonni ba ki jin daɗin komai, kuka na zuwa miki ba dalili, barci ya ƙaurace ko da yaron ya yi nasa, ko kina kallonsa ki ji kamar ba ki da ƙarfin yi masa murmushi, ki faɗa a asibitin. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana kama mata da yawa, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa.

Saura jimla ɗaya da kika saka a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai, ta kwana ukun nan da kuke yi ba uffan. Na daɗe ina kallonta. 'Yata, ɗaure fuskar da aka yi wa jariri na minti biyu ya kasa jurewa, ita kuke yi wa juna kwana uku. Babba ba ya gantsarewa ya yi kuka, amma abin da ke faruwa a cikinsa bai da nisa da na yaron. Kuma Abba na tsakaninku yana karanta fuskokin nan biyu, tunda karatun fuska shi ne sana'arsa a yanzu.

Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani daga ƙasa wanda mu muka daina gani. Ki kalli ɗanki kwana ɗaya a matsayin malami. In yana son a ɗauke shi, hannu yake miƙawa. Ba ya juya baya ya ce in ana sonsa ai za a gane. Mu kuwa sai mu ƙunshe buƙata a ciki, mu yi fushi don ba a karanta zuciyarmu ba. In kina magana, duk jikinsa ke saurare, ba ya shirya amsa tun kafin ki gama. In kin ɓata masa, kin hana shi wuƙa ko kin wanke masa ido, zai yi kukansa da gaske, ya gama, ya dawo ƙirjin da ya ɓata masa ya kwanta. A gwajin nan na Tronick, da uwa ta saki fuska ta ce “ga ni”, yawancin yaran kan ɗan yi ƙorafi, sannan a hankali su koma wasa da ita. Shi masanin ya kuma lura cewa ko tsakanin uwa da jaririnta masu lafiya, lokacin da suke dacewa daidai bai fi kusan kashi 30 cikin 100 ba. Sauran duk kuskure ne da gyara: ta ɗauka yunwa ce ashe barci ne, ya kau da kai ta jira, su sake haɗuwa. A wurin gyaran nan yaro ke koyon cewa in abu ya ɓaci ana iya ɗinke shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ba saɓanin ne ke rusa gida ba, daɗewa ba a ɗinke ba ne. Kin san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ku kuna kai wa bakin iyakar kowane karo. Ba na cewa kullum ke ce mai laifi, kuma ina fata shi ma zai karanta wannan. Amma wani sai ya fara miƙa hannu, kuma kuna da mai nuna muku yadda ake yi sau ashirin a rana.

Nan da 'yan watanni zai fara tata. Wata masaniya a Amurka, Karen Adolph, ta ƙirga ta ga masu koyon tafiya na faɗuwa kusan sau 17 a cikin awa ɗaya ta wasa, su tashi su ci gaba. Na faɗa miki wannan ne saboda ranar farko da za ki buɗe baki ki yi masa hira bayan wannan dogon shiru, za ki ji nauyi, ki ji kamar ana leƙenki. Ranar farko da za ki ce wa maigida “raina ya ɓaci, ga dalili” a maimakon shiru, mai yiwuwa maganar ta fito a karkace. Ki sake gwadawa washegari.

Gobe da asuba in kin idar da salla kika ji ya fara “ba-ba-ba”, ki matso kusa, ki sa fuskarki inda zai gan ta, ki ce masa “ba-ba-ba”, sannan ki yi shiru ki jira. In kun dawo daga allurar wata tara ki rubuto mini abin da aka ce game da jinsa, da kuma waƙar da Hajiya ta koya miki. Ki gaishe ta da kyau.

Gwaggonki